Gida Mai Araha a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Sydney ya san yadda ranar Asabar take. Ka yi sammako, ka sa kayanka na fita kunya kamar mai zuwa neman aure, ka je ka bi layi a ƙofar wani ɗan ɗaki mai warin danshi. Jama'a tun daga bene har bakin titi. Dillali ya buɗe, ku shiga ku leƙa, ku fito, kowa yana yi wa ɗan'uwansa murmushi, a ransa kuwa yana fatan a ƙi shi. Mun yi wata da watanni muna wannan gantali, ni da mijina Tavita.

Sunana Corinne. Aikina zuba wa mutane giyar inabi a wani gidan cin abinci da ke kallon tashar jiragen ruwa, in faɗa musu wadda ta dace da kifi da wadda ta dace da naman rago. Tavita yana can ciki gaban wuta, shi ne mai gasa kifin. Iyayensa mutanen Samoa ne, amma a Mount Druitt aka haife shi, can yamma inda ba a jin ƙanshin teku ko kaɗan. Ƙato ne, ya buga zari-ruga yana saurayi, sai dai murya kamar ta mai rarrashin jariri.

Da aka kira mu aka ce mun sami ƙasan wani tsohon bene a ɗaya daga cikin unguwannin bakin teku na arewa, na ɗauka kuskuren lamba aka yi. Ɗaki biyu, falo, kicin, baranda ta baya, ga fili mai ciyawa da bishiyar lemon tsami da igiyar shanya. Bayan filin akwai shingen katako, bayan shingen sai gangaren yashi, sai teku. Kuɗin haya kuwa bai kai abin da muke biya a kurkukun da muke ciki ba. Ba mu tambayi dalili ba, shi ma dillalin bai tsaya dogon bayani ba.

A sama akwai wani dattijo, Mista Stavros, tsohon direban tasi, mutumin Girka, matarsa ta rasu. Ya daɗe yana haya a gidan. Matakalarsa ta ƙarfe ce, a waje take, daga gefen barandarmu ta baya ta tashi. Ranar da muka tare ya leƙo daga sama ya ga ina kallon shingen.

"Sau biyu ana matso da shi," ya ce. "Da can har filin wasan yara akwai a bayansa. Amma kada ki damu, 'yata. Teku ɗan haya ne kamar mu, yakan zo ya tafi."

Muka yi dariya. Mun yi bazara guda a gidan, kuma ban taɓa jin daɗin zama irin na wannan lokaci ba.

A watan Yuni, tsakiyar sanyi a ƙasar nan, yayar mahaifiyata, Anti Noelene, ta ce za ta zo daga Dubbo ta ga gidan da nake cika baki da shi. Ta haura saba'in, an yi mata aiki a ƙugu, da sanda take tafiya, amma bakinta ba a taɓa yi masa aiki ba. Na yi mata bayanin hanya ta waya.

"In kin sauka daga jirgin ƙasa a Central, kada ki shiga tasi, Anti, yanke ki za su yi. Ki gangara tashar jiragen ruwa ki hau na Manly. Ki zauna a waje, ki ga birnin kyauta. Ki zo da rigar sanyi mai kauri."

"Ni za ki koya wa Sydney? Kafin a haifi uwarki na san garin nan."

"Shekara biyu kika ba ta, Anti."

"To, ai da idona na zo duniya."

Ta iso ranar Alhamis, rana tana haske. Ta zagaya gidan tana ƙwanƙwasa bango da sanda, ta fita baranda ta daɗe tana kallon ruwa. Da na faɗa mata abin da muke biya, sai ta kalle ni ta gefen ido.

"Araha ba ta ado, Corinne."

Ranar Juma'a hadari ya taso daga gabas. Ba irin wanda yake zuwa ya wuce ba ne, irin mai kafa sansani ne a kan teku ya yi kwanaki yana juyi. Asabar aka dakatar da jiragen ruwa. Lahadi da safe mai gidan abincin da muke aiki ya bugo waya ya ce ba za a buɗe ba, duk waɗanda suka kama tebur sun fasa. Tavita ya je ya kwaso kifin da zai lalace, mai gidan abincin ya haɗa masa da kwalba biyu na farar giyar kwarin Hunter, irin wadda nake zuba wa baƙi kullum amma ban taɓa saya da kuɗina ba.

"Yau mu ne manyan baƙi," in ji Tavita. "Hau ki kira Baba Stavros."

Ya gasa kifin da gishiri da lemon tsamin bishiyarmu. Ya dafa gwaza cikin madarar kwakwa yadda mahaifiyarsa take yi. Mista Stavros ya sauko da zaitun a kwano, ya sa taye kamar mai zuwa coci. Muka zauna a teburin kicin, kusa da ƙofar gilashin da ke fita baranda. Ruwan sama yana dukan gilashin a kaikaice. Teku ya zama ruwan toka, kumfa tana tashi tana wucewa ta kan rufi kamar auduga.

Da farko hira muke yi. Anti ta kurɓi giyar ta yatsine fuska.

"Wannan ce ta masu kuɗin? Ai ruwan lemon tsami ne aka sa masa kwalba."

"Ki bar ta ta ɗan huce daga sanyi, Anti, za ki ji zuma a ƙarshenta."

"Ni zumar da na sani a kan burodi take."

Mista Stavros ya yi ta ba mu labarin fasinjojinsa, har da wani da ya sa shi ya yi ta zagaya gada sau da yawa don matarsa ta yi barci. Tavita yana ƙara wa kowa gwaza. Ni dai na lura da wani abu. Duk lokacin da igiyar ruwa ta faɗo, ba ƙararta kaɗai nake ji ba. A tafin ƙafata nake jin ta, ta ƙasan tayil.

Anti Noelene ce ta faɗa. Ta ajiye cokali, ta nuna kofinta.

"Ku dubi wannan."

Giyar tana rawa a cikin kofin. Ta tsaya, ta sake rawa. Babu wanda ya taɓa teburin.

"Haka yake yi duk sanyi," in ji Mista Stavros. "Ci abincinki, madam."

"Yaushe ruwan yake gama cika?" ta tambayi Tavita.

Ya duba waya. "Sai wajen faɗuwar rana."

"Wato yanzu ma bai gama zuwa ba ke nan."

Tana rufe baki wata igiya ta zo wadda ta fi na baya. Na ga farin ruwa ya taso ta bayan shinge ya tsaya a sama kamar bango, sannan ya zube. Da ya janye, tsakiyar shingen babu. Ba faɗuwa ya yi ba, ɓacewa ya yi. Ta gurbin muna ganin teku kai tsaye, kusa ƙwarai, ba gangaren yashi ko kaɗan a tsakani.

Na miƙe na ɗauki waya.

"Zan kira 'yan agaji."

Mista Stavros ya kama wuyan hannuna. Ban san tsoho yana da ƙarfi haka ba.

"Kada ki kira su."

"Baba, shinge ya tafi!"

"Shinge katako ne, ana sake shi. Kin san abin da za su yi in sun zo? Za su zagaye gidan da jan zare, su ce ba mai shiga. Shi ke nan. Mutanen gidan can na ƙarshen layi, da aka fitar da su wancan karon, kin san inda suke? Matar a mota take kwana bayan kantin sayayya. Ni ina zan je? Wa zai ba tsoho mai fansho ɗaki a garin nan? Ku ma ina za ku?"

Na kalli Tavita. Ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa. Na san abin da yake tunani, don ni ma shi nake tunani: layin Asabar, da dillalai, da ɗakunan da ba taga.

"Mu ɗan ƙara gani," ya ce a hankali. "In ya taɓa bishiyar, sai mu kira."

"Ku ji min sakarci!" in ji Anti. "Kai ƙaton banza, da teku kake ciniki?"

Amma na ajiye wayar. Muka zauna, abinci yana hucewa, mu huɗu muna kallon waje kamar masu kallon talabijin. Igiya ta zo, ta ciji bakin ciyawa, ta koma. Wata ta zo. Ƙasa tana ɓantarewa gutsure-gutsure, ba ƙara, sai dai ka ga inda kore yake ɗazu ya zama iska. Sandar igiyar shanya ta karkata, ta yi kamar mai gaisuwa, ta tafi.

Bishiyar lemon ba ta faɗi ba. A tsaye ta tafi. Ƙasar da take kai ta rabu da sauran, ta sulale ƙasa a hankali, bishiyar tana tsaye da 'ya'yanta rawaya, har kanta ya ɓace mana. Tsakaninta da barandarmu bai fi tsawon mota ba.

Na buga sifili uku, lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ta ce an riga an kira daga layinmu, motoci suna hanya amma bishiyoyi sun tare titi. Ta ce, "Ku fita yanzu, ta ƙofar titi. Kada ku ɗauki komai."

Ina cikin magana na ji an zuge ƙofar gilashi. Iska ta shigo ta watsar da kofuna. Mista Stavros ne ya fita baranda.

"Baba! Ina za ka?" Tavita ya ƙwala masa kira.

"Gidana!" ya amsa ba tare da ya waiwayo ba. Ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa, tayensa yana kaɗawa ta bayan wuya.

Tavita ya yunƙura zai bi shi, sai gidan ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, kamar an taka ƙaton kwando. Wata tsaga ta bi tayil ɗin kicin daga bango zuwa bango, ta wuce ta ƙarƙashin teburin. Kwalbar da ba mu buɗe ba ta faɗi, ta mirgina da kanta ta nufi wajen teku. A lokacin na gane ƙasan ɗakin ya karkata.

"Anti tukuna," in ji Tavita.

Muka kama ta dama da hagu, muka bi ta falo zuwa ƙofar gaba. Na murɗa mariƙi, na ja. Ƙofa ta ƙi. Na zaci makulli ne, na juya shi, na sake ja. Tavita ya ture ni ya ja da hannu biyu har mariƙin ya fita a hannunsa. Gidan ya murɗe, katakon sama ya danne ƙofar. Tagogin gaba kuwa duk da ƙarfe a jikinsu, saboda ɓarayi. Ni da kaina na yaba wa dillali wannan ƙarfe ranar da muka zo gani.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na riƙa dukan ƙofar da tafin hannu ina kiran mutane, alhali ko ni ba na jin muryata saboda iska. Wutar lantarki ta ɗauke. Falon ya yi duhu-duhu duk da rana ba ta faɗi ba. Daga kicin muna jin ruwa yana shigowa yana fita, faranti suna karo da juna.

Anti ta ɗaga sanda ta buga min a ƙauri.

"Ke! Rufe min baki. In za mu mutu ma ba da wannan ihun ba. Tavita, ba ka da gatari?"

Ba shi da gatari, amma yana da babbar wuƙarsa ta sara ƙashi. Tana kicin. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana jiran igiya ta janye, ni ina riƙe da bayan rigarsa ina cewa kada ya shiga. Ya fizge, ya tsallake tsagar, wadda yanzu hannu zai shige cikinta. Na ga ƙofar gilashin ta tarwatse, bayanta kuma babu rabin baranda. Ya zaro wuƙar daga maratayinta ya dawo da gudu, ruwa har idon sawunsa.

Ya durƙusa ya fara saran ƙasan ƙofar. Tsohon katako ne mai tauri. Kowane sara sai ɗan ɓawo ya fita. Yana sara yana wata addu'a da yaren Samoa, wadda ban taɓa jin ya yi ba sai a jana'izar mahaifinsa. Duk igiyar da ta bugi gidan sai ƙura ta zubo mana daga silin. Na rungume Anti, na ji ƙirjinta yana bugawa da sauri kamar na tsuntsu. Ashe duk faɗan nan da take yi, ita ma a tsorace take.

Da rami ya samu, ya kwanta ya sa ƙafa biyu ya tokare katakon har ya ɓalle. Hanya ta buɗe a ƙasa, daidai rarrafen mutum.

"Ba zan iya durƙusawa ba," in ji Anti. Muryarta ta canza. "Likita ya ce in na lanƙwasa ƙugun nan zai fita."

"Ba durƙusawa za ki yi ba, Anti, kwanciya za ki yi. Corinne, fita ki ja ta."

Na rarrafa na fita cikin ruwan sama. Tavita ya kwantar da ita rigingine a kan tabarmar ƙofa, ya turo, ni na kama ta ta hammata ina ja. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta cije leɓe. Tsinin katako ya yage mata riga. Haka muka fitar da ita kamar burodi daga tanda. Tavita ya matso da kyar, kafaɗarsa duk jini. Ya ɗauke ta cak ya tsallaka titi da ita, ya zaunar da ita a rumfar jiran bas.

Maƙwabta sun fito, wasu da karnuka, wasu da yara a kafaɗa. Na ce a raina mun tsira. Sai na ga Tavita ya juya.

"Kada ka koma," na ce. Na riƙe hannunsa da hannu biyu. "Don Allah, Tavita. Shi ya zaɓa. 'Yan agaji suna zuwa."

"Tsoho ne, Corinne. Ya ci abinci a teburina yanzu-yanzu."

Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ya bi ta ɗan lungun da ke gefen gidan, inda matakalar take. Ina tsaye a tsakiyar titi ina ganinsa. Ƙafar matakalar tana lilo, ƙasan da ke riƙe da ita ya tafi. Ya yi tsalle ya kama, ya hau da sauri, ƙarfen yana girgiza a ƙarƙashinsa. Ya kai sama ya shige.

Bai daɗe da shiga ba igiya ta zo ta cika lungun da kumfa. Da ta koma, matakalar ta saki bango daga sama, ta yi jinkiri kaɗan kamar mai shawara, ta kifa cikin ruwa.

Na zauna a kan kwalta, cikin ruwa. Wata mata da ban sani ba ta yafa min bargo tana magana, ban ji ko kalma ɗaya ba. Idona yana kan tagar sama mai kallon titi. Labule a rufe. Na kira wayarsa, ta yi ta ringi a banza, na tuna tana kan teburin kicin. Duk igiyar da ta buga sai in ga rufin gidan ya motsa, ko kuwa idona ne, ban sani ba. Na riƙa yi wa Allah alkawura iri-iri, ni da rabona da coci tun ranar aurenmu.

Daga baya Tavita ya ba ni labarin abin da ya tarar. Tsohon yana zaune a kujerarsa, ya sa hula, ya ɗora hannu a gwiwa, yana fuskantar teku. Ya ce ba inda za shi. Tavita ya roƙe shi, ya yi masa faɗa, ya ce zai ɗauke shi ta ƙarfi. Tsohon ya ce in ya taɓa shi Allah ya isa. Da suka ji matakala ta tafi, sai Tavita ya ja wata kujera ya zauna kusa da shi.

"To, Baba, yanzu kam ni ma ba hanya. In kana nan, ina nan. Sai dai ka san matata tana waje, kuma kai za ta tsine wa, ba ni ba."

Tsohon ya kalle shi ya ce, "Kai wawa ne." Ya miƙe.

Ni dai abin da na gani, labule ya buɗe, taga ta ɗaga, ƙaton kan mijina ya leƙo. Na yi ihun da har maƙogwarona ya yi kwana biyu yana ciwo.

'Yan agaji suka iso a ƙafa, cikin kayansu ruwan goro, suna ɗauke da tsani a kafaɗa, don motarsu ta maƙale a baya. Shugabarsu wata gajeriyar mata ce. Ta kalli gidan sau ɗaya ta ce a yi sauri. Suka kafa tsani. Mista Stavros ya fara saukowa, ɗaya daga cikinsu yana bayansa yana sa masa ƙafa a kowane mataki. Tsohon yana tsakiya aka ji wani rugugi daga baya, kicin ɗinmu da barandar sama suka rufta tare. Gidan ya girgiza, tsanin ya zame gefe, mutum uku suka danne shi. Tavita yana taga, ƙafa ɗaya a waje. Na rufe ido. Ban buɗe ba sai da na ji hannunsa mai sanyi a kan wuyana.

"Tashi daga cikin ruwa, mana," ya ce. Haƙoransa suna kaɗawa.

Na tashi na yi ta dukan ƙirjinsa da hannu biyu, ya tsaya yana karɓa.

Gaban gidan bai faɗi ba. Yana nan tsaye har aka rushe shi daga baya. Abin da Mista Stavros ya faɗa kuwa haka ya faru: kafin duhu an zagaye layin da jan zare, ba mu sake kwana a can ba. Aka kai Anti asibiti. Ƙugun bai fita ba, amma ta yi mako guda a kwance tana ba ma'aikatan jinya umarni. Da za ta koma Dubbo ta riƙe hannun Tavita a tasha ta daɗe ba ta saki ba.

"Ku zo can ku zauna," ta ce. "Akwai gidaje, akwai masu cin kifi. Ruwan da muke da shi kogi ne, shi ma rabin shekara barci yake."

Ba mu je ba, aikinmu yana nan. Muka koma Mount Druitt, garejin mahaifiyar Tavita, aka sa mana katifa tsakanin injin wanki da kwalayen kayan coci. Kullum sai mu yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa zuwa aiki, mu yi wata mu dawo. Na yi watanni in babbar mota ta wuce ƙasa ta girgiza sai in tsinci kaina a tsaye a bakin ƙofa.

Mista Stavros ya sha wuya fiye da mu. Ya zauna a masaukin wucin gadi, daga nan cocinsu ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi a Earlwood. Mun je gaishe shi, ya ƙi fitowa. Muka sake zuwa, aka ce yana barci. Na san abin ya dami Tavita.

Ana gab da Kirsimeti sai ga wayar Mista Stavros. Bai yi gaisuwa ba.

"Abincin gidan nan ba gishiri," ya ce. "Mijinki yana nan da rai?"

"Yana nan, Baba."

"Ki ce masa ranar Litinin ba kwa aiki, na sani. Ya zo da kifi. Akwai wasu tsofaffi uku a nan da na gaya musu ina da mai dafa min abinci, sun ce ƙarya nake."

Muka je ranar Litinin. Tavita ya gasa kifi a tsakar gidan, tsofaffi suka kewaye shi a kujerunsu suna ba shi shawarar da bai nema ba. Mista Stavros ya rame, amma ya zauna a kan gaba yana nuna wa kowa inda zai zauna. Bai yi maganar gidan ba, mu ma ba mu yi ba. Da za mu tafi ya raka mu har ƙofa yana dafa bango, ya ce wa Tavita kifin ya ɗan bushe, mako mai zuwa ya rage wuta.